Dole ne Kirista ya yi nazarin annabci, ko Linjila kaɗai ta isa?

Rahila: Salama 'yan'uwa. Don Allah inada tambaya, kuma ina so a bani amsa tsakani da Allah, kar a ce min "ki yi addu'a kawai". Wai dole ne Kirista ya karanta littattafan annabci? Ina nufin su Daniyel, Ezekiyel, Zakariya da Wahayin Yahaya. Ni dai duk sanda na buɗe Wahayi, da na kai sura 6 sai gabana ya dinga faɗuwa, ga dawakai ga ƙahoni ga dabba mai kai bakwai ga ruwa ya koma jini, ba abin da nake tsinta sai tsoro. Tunda ceto ta wurin bangaskiya ga Yesu ne, me zai hana mutum ya tsaya a Linjila da Zabura da wasiƙun Bulus ya huta?

Danladi: Kin riga ni a baki. Ni ba tsoro ne ya fitar min da abin daga rai ba, masu fassarar ne. Yaƙi ya ɓarke a ce ga Armagedon yaƙin ƙarshen duniya, cuta ta zo a ce ga doki na huɗu, a fito da sabon kati ko sabuwar allura a ce 666 ne, lambar dabbar nan ta Wahayi, bayan shekara biyu kowa ya yi shiru kamar ba a yi ba, ba wanda zai fito ya ba da haƙuri, sai dai a jira wani sabon abu a sake ɗorawa. Ni na gaji gaskiya.

Haruna: Haba Danladi, ai alamun a fili suke!! Matiyu 24 ka karanta, yaƙe-yaƙe, yunwa, girgizar ƙasa, duk gasu nan muna gani da idonmu. Wanda bai farka yanzu ba sai dai ya farka bayan an fyauce ikilisiya, wato an ɗauke masu bi zuwa sama

Danladi: Ka gani ko Rahila? Ga irinta nan tun ba a je ko'ina ba 😂

Baba Yohanna: Yarana, ku ɗan saurara. Rahila 'yata, tambayarki mai kyau ce, amma akwai wani abu a cikinta. Kin ce ki tsaya a Linjila. To ai ita Linjilar ba za ta bar ki ki tsaya a cikinta ba, korar ki za ta yi ta yi zuwa wurin annabawa. Buɗe Matiyu sura 1 da 2 kawai ki ga sau nawa yake cewa an yi kaza ne domin a cika abin da aka faɗa ta bakin annabi. Da Hirudus ya tara manyan firistoci ya tambaye su inda za a haifi Almasihu, ba duba suka yi ba, Mika 5:2 suka karanto masa, Baitalami. Ranar da Ubangiji ya shiga majami'a a Nazarat aka miƙa masa littafi, Ishaya 61 ya karanta, ya naɗe, ya zauna, ya ce yau wannan Nassi ya cika a kunnuwanku. Sannan wanda ya fi taɓa ni shi ne Luka 24. Ranar da ya tashi daga matattu fa, ya tarar da almajirai biyu a hanyar Imuwasu fuska a murtuke sun yanke ƙauna. Da ya ga dama ai sai ya nuna musu tabon ƙusa magana ta ƙare. Bai fara da haka ba. Sai da ya tsawata musu a kan nauyin zuciyarsu wajen gaskata annabawa, sannan ya bi da su tun daga Musa har annabawa duka yana nuna musu abin da aka rubuta a kansa. In shi da kansa da annabawa ya bayyana kansa, mu su wa da za mu ce mun san shi ba tare da su ba?

Rahila: Na gode Baba. Amma ai waɗannan sun riga sun cika, kuma Matiyu ya riga ya faɗa mana. Ni waɗanda basu cika ba ne matsalata

Tabita: Bari in sa baki kafin a wuce waɗanda suka cika, don su ne ginshiƙin sauran. Ayyukan Manzanni 8, mutumin nan na Habasha, ma'ajin sarauniya, yana cikin karusarsa yana karanta Ishaya 53, inda aka ce an kai shi kamar tunkiya wurin yanka bai buɗe baki ba. Filibus ya ce kana fahimtar abin da kake karantawa kuwa? Ya ce ina fa, in ba wani ya yi min bayani ba. Daga wannan ayar Filibus ya fara har ya kai shi ga Yesu, har aka yi masa baftisma a ranar. Abu biyu nake gani a nan, rashin ganewa ba abin kunya ba ne, babban mutum mai ilimi ma bai gane ba, kuma bai rufe littafin ba, tambaya ya yi. Sannan ga masu cewa Kiristoci ne suka gyara Ishaya daga baya don ya dace da Yesu, a 1947 an gano naɗaɗɗen littafin Ishaya a wani kogo a Kumran kusa da Tekun Gishiri, surori 66 ɗin suna ciki, masana sun ce an kwafe shi fiye da shekara 100 kafin haihuwar Yesu, yanzu haka yana gidan tarihi a Urushalima. Sura 53 tana nan a ciki. Mutum zai iya gardama a kan fassararta, malaman Yahudawa da yawa suna cewa al'ummar Isra'ila ake nufi, amma ba zai ce an rubuta ta bayan gicciye ba.

Danladi: Wannan na yarda. Amma ku amsa min wannan. Kullum ana cewa karatu ne maganin ruɗu, to William Miller a Amurka jahili ne? Mutumin nan shekara da shekaru ya yi yana bin Littafi Mai Tsarki aya-aya, ya ɗauki kwana 2,300 na Daniyel 8:14 ya mai da su shekaru, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844, dubban mutane suka zauna jira, wasu ko amfanin gonarsu basu girbe ba, gari ya waye ba komai. Harold Camping ma haka, mai gidan rediyo ne da ya tsufa yana koyar da Littafi, yace 21 ga Mayu 2011, aka kafa alluna a ƙasashe da yawa, mutane suka zuba kuɗin da suka tara, da ranar ta wuce ya matsar zuwa 21 ga Oktoba. Ku tuna Kanungu a Yuganda, Maris 2000, ɗaruruwan mutane aka ƙone a cikin ɗakin sujada bayan ranar ƙarshen duniya da shugabanninsu suka sa ta wuce. Su Miller ba rashin karatu ne ya kai su ba, karatun ne ma ya kai su. To ba gara a bar abin ba?

Haruna: Waɗannan ai sun sa rana ne, mu bamu sa rana ba, lokaci kawai muke ganewa

Danladi: "Ba za mu wuce wannan tsara ba" ma sa rana ce Haruna, an dai ja mata igiya ne

Fasto Iliya: Salama gare ku duka. Danladi tambayarka tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Amma duba da kyau, Miller da Camping ba yawan karatu ya kayar da su ba, zaɓe suka yi. Sun riƙe lissafinsu da ƙarfi, suka bi ta gefen Matiyu 24:36 inda Ubangiji ya ce ranar nan da sa'ar ba wanda ya sani, ko mala'iku, da Ayyukan Manzanni 1:7 inda ya ce sanin lokatai ba naku ba ne. Waɗannan ayoyin su ma annabci ne, ta Matiyun ma cikin babi ɗaya take da alamun da Haruna yake ambata. Kuma a Matiyu 24 ɗin, abu na farko da ya fito daga bakinsa da suka tambaye shi alama shi ne ku kula kada kowa ya ɓad da ku, game da yaƙe-yaƙe kuma ya ce kada hankalinku ya tashi, ƙarshen tukuna. To wa ya fi sauƙin kamawa a hannun mai sa rana, wanda ya san babin duka ko wanda bai taɓa buɗe shi ba? Mabiyan da suka sayar da kayansu, akasarinsu ba su suka yi lissafin ba, an yi musu ne. In ikilisiya ta ce ta bar annabci saboda masu ɓata shi, su masu ɓatawar ba za su bari ba, filin kawai za a sakar musu, yaranmu kuma a waya za su haɗu da su.

Kuma bari in nuna muku mutumin da ya yi lissafi na gaskiya da abin da lissafin ya haifar masa. Daniyel 9. Daniyel tsoho ne a lokacin, Babila ta riga ta faɗi a hannun Sairus sarkin Farisa a 539 kafin haihuwar Yesu. Aya ta 2 ta ce ya duba cikin littattafai ya gane yawan shekarun da Allah ya faɗa wa Irmiya, shekara 70 Urushalima za ta yi kango. Annabi ne fa da kansa, mai ganin wahayi, amma ya zauna yana nazarin littafin wani annabi. Da ya gane lokaci ya kusa me ya yi? Bai tara jama'a ya ce su ɗaure kaya ba. Azumi ya shiga, ya sa tsummoki ya zauna cikin toka, ya yi ta cewa mun yi zunubi, mun yi tawaye, ba mu saurari bayinka annabawa ba, yana sa kansa a ciki alhali ba mu da labarin wani laifi nasa. Ni da wannan nake auna duk mai koyar da annabci. In koyarwar ta kai mutane ga tuba da addu'a da riƙon gaskiya, to ta bi sawun Daniyel. In ta kai su ga firgita da raina waɗanda "basu gane ba" da tura kuɗi, ko ayoyi ɗari ya jero ban yarda da shi ba.

Mama Saratu: Amin Fasto. Ni ba mai zurfin karatu ba ce amma bari in faɗa wa 'yata Rahila abu ɗaya. Wannan 1 Tasalonikawa 4 da ake ta faɗa a kanta wai fyaucewa kafin ƙunci ne ko bayan ƙunci, ki karanta daga aya 13 ki ga su wa aka rubuta wa. Mutane ne da 'yan'uwansu suka mutu suna kuka suna tsammani waɗanda suka rigaye sun yi asarar zuwan Ubangiji. Bulus ya ce kada ku yi baƙin ciki irin na marasa bege, matattu cikin Almasihu su za su fara tashi, ya rufe da cewa ku ta'azantar da juna da wannan magana. Ranar da mutum ya tsaya a bakin kabarin nasa, ranar zai san annabci ba na malamai kaɗai ba ne. Kuma Wahayin da kike tsoro, kin tsaya a sura 6 ne, ki daure ki kai 21 inda zai share dukan hawaye, ba sauran mutuwa ba sauran kuka. Kada ki bar littafin a inda ya fi duhu.

Rahila: Mama 😭 gaskiya ban taɓa kaiwa 21 da kaina ba sai dai in ji a wa'azi

Tabita: Kuma ki lura da Wahayi 1:3, albarka aka ce ga mai karantawa da masu ji da masu kiyaye abin da ke ciki. Wahayi wasiƙa ce fa da aka aika wa ikilisiyoyi bakwai na gaske, Afisa, Samirna, Birgamas, Tayatira, Sardisu, Filadelfiya, Lawudikiya, duk a yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, Yahaya yana tsibirin Batamusa ya rubuta. Tsaye ake yi a karanta musu da murya, da bayi da 'yan kasuwa da tsofaffi, wasunsu ko karatu basu iya ba. In da ba za su gane komai ba ai aikin banza ne. Ku ɗauki Lawudikiya. Gari ne na masu kuɗi, sun yi suna a harkar banki da baƙin ulu da maganin ido. A shekara ta 60 bayan haihuwar Yesu girgizar ƙasa ta rushe garin, marubucin tarihin Roma Tasitus ya ce da dukiyarsu suka sake gina shi ba tare da taimakon Roma ba. To yanzu ki koma 3:17 da 18, inda aka ce wa ikilisiyar garin: kin ce ni mai arziki ce bana bukatar komai, baki san ke matalauciya ce makauniya tsirara ba, ki sayi zinariya a wurina, da fararen tufafi, da maganin shafawa a ido. Kin ga duk abin da suke taƙama da shi ɗaya bayan ɗaya ya taɓo. Su da suka ji wannan ba sai an yi musu fassara ba. Mu ne da muka shigo hira a tsakiya muke ta kame-kame, kuma yawancin hotunan da ke ba mu tsoro daga Fitowa da Daniyel da Ezekiyel da Zakariya aka ɗauko su, ruwa ya zama jini ai annobar Masar ce, dabbobin kuma Daniyel 7. Wanda ya san Tsohon Alkawari rabin tsoron ya tafi.

Haruna: To 666 fa? Ko shima tarihi ne ya wuce? Ai an ce ba mai saye ba mai sayarwa sai mai alamar, yanzu kuma komai ya koma waya da kati, wata rana za su sa a hannu

Tabita: Haruna karanta 13:15 da 14:9, alamar a haɗe take da yi wa dabbar sujada, ba abu ne da za a liƙa wa mutum yana barci ko a layin asibiti ba. Kuma 14:1 akwai wasu masu suna a goshi, sunan Ɗan Ragon da na Ubansa, ban taɓa jin wanda ya ce wannan ma na'ura ce ba. Game da lambar, masana da yawa suna ganin Nero sarkin Roma ake nufi don in aka rubuta sunansa da sarautarsa da haruffan Ibrananci lissafin 666 yake bayarwa, wasu tsofaffin kwafe ma 616 suke da shi. Wasu kuma suna ganin mutum ne mai zuwa, wasu sun haɗa biyun. Amma Ireniyus, wani malamin ikilisiya, tun ƙarni na 2 ya san da zancen 616, kuma ya gargaɗi mutane cewa gara a jira cikar annabcin da a yi ta cankar suna, don sunaye da yawa suna iya ba da lambar. Shekara wajen 1,800 kenan da gargaɗin har yau ba mu ji ba.

Haruna: Hmm. Amma fyaucewa kafin babban tsanani dai ba gardama

Fasto Iliya: Akwai gardama ɗana, kuma tsakanin masu bi na gaske. Koyarwar fyaucewa a asirce kafin ƙunci, John Nelson Darby ne ya tsara ta ya yaɗa ta daga wajen shekarun 1830, sannan Littafi Mai Tsarki mai sharhi na Scofield da ya fito a 1909 ya kai ta ko'ina. Wannan bai sa ta zama ƙarya ba, bai kuma sa ta zama dole ba. Shekara dubu na Wahayi 20 ma haka, su Jastin Mai Shahada da Ireniyus sun ɗauka mulki ne a duniya bayan dawowarsa, Agustin mutumin Arewacin Afirka ya ɗauka zamanin ikilisiya ne da muke ciki. Abin da ikilisiya ta haɗu a kai tun da shi ne abin da muke furtawa a shaidar bangaskiya, zai sake dawowa ya yi wa masu rai da matattu shari'a, akwai tashin jiki, akwai rai madawwami. Wannan ka riƙe da hannu biyu. Sauran ka yi nazari ka ɗauki matsayi, amma kada ka kore ɗan'uwanka daga sama a kansa.

Haruna: Ni dai ina nan a kan bakana Fasto, amma zan duba

Fasto Iliya: Dubawar nake so, mutanen Biriya ma a Ayyukan Manzanni ai maganar Bulus da kansa suka bincika a Nassi.

Malam Ishaku: Sannunku, yanzu na biyo zancen daga sama. Abin da na ga an bari shi ne duk mun ɗauka annabci labarin gobe ne kawai. Daga Ishaya zuwa Malakai littattafai 17 ne in an haɗa da Makoki, cikin 66, kuma in ka zauna ka karanta za ka ga mafi yawan shafukan ba zancen ƙarshen duniya suke ba, zancen yau ɗin mutanen ne. Amos makiyayi ne daga Tekowa, ya je Betel ya ce musu kuna sayar da matalauci a kan takalmi, kuna ƙosawa Asabar ta wuce ku buɗe kasuwa ku rage mudu ku tsawwala kuɗi ku yi algus a ma'auni, har Allah ya ce ku kawar min da hayaniyar waƙoƙinku, bari adalci ya malalo kamar ruwa. A 5:18 ma cewa ya yi kaitonku masu marmarin ranar Ubangiji, duhu ce gare ku ba haske ba. Wannan fa ga masu zuwa sujada ya faɗa. Ina ganin shi ya sa muka fi son lissafin ƙahoni, ƙaho ba ya tambayarka hakkin ma'aikacinka.

Ga kuma Irmiya 29:11 da muke rubutawa a katin gaisuwa da jikin mota, na san shirin da nake da shi dominku. Wa aka faɗa wa? Waɗanda sarki Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a 597 kafin haihuwar Yesu. A sura 28 wani annabi Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara biyu za a dawo da komai, har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya a gaban jama'a. Daɗin ji kam akwai. Irmiya ya dawo ya ce ka karya ta itace za a sa ta ƙarfe, kuma bana za ka mutu, wata biyu bayan nan Hananiya ya mutu. Sannan wasiƙar sura 29 ta ce ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi zaman lafiyar birnin da aka kai ku, shekara 70 ne. Wato yawancin waɗanda suka fara jin aya 11 a Babila aka binne su. Alkawarin gaskiya ne, amma wanda ya san sura 28 ba zai yi saurin cewa amin ga duk mai ce masa "kafin ƙarshen watan nan" ba. Kuma Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ba mu ma'auni, in ya faɗa da sunan Ubangiji bai faru ba, ba Ubangiji ya aiko shi ba, kada ka ji tsoronsa.

Danladi: Malam wannan na Amos ya shige ni, ba ƙarya. Amma tunda ka kawo 18:22 bari in tayar da wata. Yunusa yace kwana 40 za a kife Nineba, ba a kife ba. Ashe shima ya faɗi jarrabawar kenan?

Malam Ishaku: Irmiya 18:7 da 8 ta amsa maka, in na ce zan tumɓuke al'umma sai ta juyo daga muguntarta, zan janye. Gargaɗi ne, ana yinsa ne don a tuba, Yunusa ma ya san haka shi ya sa ya gudu tun farko, ya faɗa da bakinsa a sura 4. Daga baya da suka koma halinsu Nahum ya yi annabci a kansu, Nineba ta faɗi a 612 kafin haihuwar Yesu. Bambancin shi ne mutanen Nineba sun tuba aka janye, masu sa rana kuwa ba wanda ya tuba, ranar ce kawai ta zo ta wuce.

Baba Yohanna: Ku ƙara da Urushalima. Ubangiji ya dubi Haikali ya ce ba dutsen da za a bari a kan ɗan'uwansa, a Luka 21 ya ce in kun ga sojoji sun kewaye birnin waɗanda ke Yahudiya su gudu kan duwatsu. A shekara ta 70 bayan haihuwar Yesu Titus shugaban sojojin Roma ya rushe shi, har yau a Roma akwai ƙofar tunawa da aka sassaƙa sojoji ɗauke da alkukin Haikali. Yusibiyus mai tarihin ikilisiya ya rubuta cewa masu bi na Urushalima sun fice zuwa Fella a hayin Urdun kafin abin ya auku. In kunne ya ji jiki ya tsira.

Rahila: To ta ina zan fara? Kar ku ce Ezekiyel don Allah

Mama Saratu: 😂 Habakuk 'yata, sura uku ne kacal, kuma mutum ne mai tambaya irinki, da "har yaushe" ya fara

Tabita: Habakuk ko Amos, sai Daniyel 1 zuwa 6 kafin ki shiga 7. Duk wanda kika ɗauka ki karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, ki tambayi wa ke magana, da wa yake yi, wane sarki ne a kan gado, sannan ki duba ko Sabon Alkawari ya ɗauko wurin ya ce wani abu. Bidiyo kuma ki ajiye shi sai bayan kin karanta da kanki.

Danladi: Saura ɗaya, kuma ba neman rigima nake ba. Ezekiyel 26 yace Nebukadnezzar zai zo wa birnin Taya, za a kankare ta ta zama dutse fayau wurin shanya taru, ba za a ƙara gina ta ba. Amma Yesu ya je yankin Taya, Bulus ya kwana bakwai a can wurin almajirai a Ayyukan Manzanni 21, yau ma gari ne a Lebanon mutane na ciki. Wannan fa?

Fasto Iliya: Wannan tana cikin masu wuya, kuma abin da ya sa nake girmama littafin shi ne Ezekiyel da kansa bai ɓoye ba. Je ka 29:17 zuwa 20, shekaru bayan annabcin farko, ya ce Nebukadnezzar ya sa sojojinsa sun yi wahala a kan Taya har kowane kai ya yi sanƙo kowace kafaɗa ta goge, amma bai sami lada daga Taya ba, don haka za a ba shi Masar. Yosifus marubucin tarihin Yahudawa ya ce shekara 13 aka yi ana kewaye da ita. Taya kashi biyu ce, akwai ta bakin gaɓa akwai ta tsibiri. Masu sharhi da yawa suna nuna 26:3 inda aka ce al'ummai da yawa za su taso mata kamar raƙuman ruwa, da aya 12 inda aka ce za a zuba duwatsunta da katakonta da ƙurarta cikin ruwa, suna cewa wannan Iskandari Mai Girma ne a 332 kafin haihuwar Yesu, wanda ya kwashe kangon tsohon garin ya cike teku ya yi hanya zuwa tsibirin ya ci shi. "Ba za a ƙara gina ta ba" kuma wasu sun ce daular ce da ƙarfinta ba su dawo ba, wasu sun ce salon annabawa ne na zafafa magana a kan hukunci, wasu kuma suna kai ta ga Irmiya 18 da Malam ya kawo.

Danladi: Amsa uku kenan Fasto, wacce ce taka?

Fasto Iliya: Na fi karkata ga ta farko, amma karanta 26 zuwa 29 a jere tukuna, da makokin da aka yi wa jiragenta da kasuwancinta a sura 27, sai ka zo mu yi ta. Ka lura da inda aya take cewa "shi" da inda ta koma "su" a sura 26, daga aya 7 zuwa 12.

Danladi: To shikenan, zan karanta daren nan. Amma in na dawo da wata tambayar kar a ce na cika gardama

Haruna: Ai ka riga ka cika 😂 Tabita turo min inda Ireniyus ɗin ya faɗi maganar 616, ina so in gani da idona